Wayar da Na-Sani Ya Zaɓo

"Wai matarka gaba take yi da uwarta ne?"

Ina kicin ina wanke tukunya na ji Iya, surukata, ta jefa wa maigidana wannan tambayar a falo. Na tsaya cak da soso a hannu.

"Gaba kuma, Iya?"

"To me za a kira shi? Baiwar Allah ta bugo waya daga uwa duniya, ita kuma daga 'eh' sai 'to' sai 'lafiya lau'. Ko mai gyaran famfo ya fi haka samun hira a gidan nan."

Ba gaba nake yi da Innata ba. Wayar gidanmu a falo take, kan ɗan tebur, daidai gwiwar kujerar Iya, igiyarta kuma gajeriya. In Inna ta kira, nan zan durƙusa, Iya tana kallon bakina, maigida ya rage rediyo, wai don kada ya dame ni. Ni kuwa tun ina ƙarama in aka zuba mini ido harshena ƙullewa yake yi. Labari cike da cikina, amma ba ya fita. A kiran ƙarshe Inna ta ce, "Auta, ko wani abu na yi miki ne?" Na ce, "A'a." Ta ce, "To," ta ajiye. Wannan "to" ɗin ya daɗe yana cina.

Maigidana mutumin kirki ne, ba zan ɓoye ba. Fenti yake sayarwa. Amma in ka ji shi yana bayanin cikin jirgin sama, sai ka rantse a can aka yanke masa cibiya. A unguwa Na-Sani ake ce masa, don ba ya barin kowa ya kai ƙarshen magana.

"Na sani, Iya," in ji shi. "Na daɗe da sani. Igiya ce. Maganar tana fitowa daga bakinta da tsawonta, sai ta shiga wannan murɗaɗɗiyar igiya ta nannaɗe, ta isa can a gajarce."

"Ni fa da nake hira da ƙanwata har shayi ya huce?"

"Ke muryarki ta saba da hanyar. Gobe zan sayo waya marar igiya. Irin wadda unguwar nan ba ta taɓa gani ba."

Zuciyata ta yi fari ƙal. Na hango kaina a ɗaki, ƙofa a rufe, ni da Inna kaɗai.

Washegari ya ce in shirya in raka shi, tunda don ni za a saya. A hanya ya tsaya wajen Mai Aski ya sanar. Ya tsaya wajen Mai Shago ya sanar. Kafin mu kai bakin titi, wayar da ba a saya ba ta riga ta iya kai magana tun daga gida har kasuwa.

Mai kantin kayan lantarki dattijo ne mai sanyin magana. Ya jera mana wayoyi a kan kanta. Akwai wata 'yar fara, ƙarama, ta zauna mini a tafin hannu kamar don ni aka ƙera ta. Na shafa ta da yatsa, na saci kallon maigida.

Ya karɓe ta ya jinjina a hannu, ya taɓe baki. "Wannan ai sabulu ce."

"Ita aka fi saye yanzu," in ji mai kanti. "Muryarta tas, kuma…"

"Na sani. Amma ba nauyi. Abin da ba shi da nauyi, yaya za a yi ya ɗauki magana mai nauyi? Ina eriyarta?"

"A ciki take."

"A ciki! Ka taɓa ganin bijimi mai ƙaho a ciki?"

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ƙwanƙwasa ta da farce kamar mai sayen kankana. Waccan ya shinshina. Wata ya kara a kunne, ba a ko haɗa ta da wuta ba, ya ce yana jin iska a cikinta. Can idonsa ya kai saman kanta, inda wani kwali ya yi ƙura har rubutunsa ya dushe.

"Sauko mini da wancan."

"Ranka ya daɗe, tsohon yayi ne. Biyu suka rage mini tun tuni. Ɗayar ma wani ɗan layinku ne ya saya, kuma irin waɗannan in suka yi kusa da juna…"

"Na sani, na sani. Sauko da shi."

Aka sauko da shi. Baƙa ce, girman bulo. Tana da uwa wadda ake haɗawa da layi da wuta, da kuma 'yar da ake yawo da ita. Maigida ya ja eriyar 'yar, ta yi ta fitowa, tana fitowa, har mai kanti ya sunkuya don ta wuce. Fuskar maigida ta washe, baki har kunne.

"Yawwa! Ka ga waya."

Mai kanti ya miƙo ɗan littafin da ke cikin kwalin. Maigida ya mayar masa. "Ajiye wa masu koyo."

Na waiwayi 'yar farar sau ɗaya, na ɗauki kwali na bi shi.

Da muka isa gida ya haɗa uwar a falo, ya tsaya tsakiyar ɗaki, ya ce Iya ta buɗe ido da kyau. Ya zuge eriya sama. Fanka kuwa tana kan gudu. Sai ji muka yi ƙarara-ƙarara-tas! Wayar ta fizge daga hannunsa ta faɗa cinyar Iya, ƙura ta zubo daga fikafikan fanka ta rufe mana kai.

"Innalillahi! Makami ka sayo mana?"

"Gwaji ne, Iya. Kin ga ko tsagewa ba ta yi ba. Da sabulun nan ce, da yanzu muna shara."

Ya miƙar da eriyar a gwiwa, ta koma kamar jelar kare, amma ta yi aiki. A falo ana ji. A ɗaki ana ji. Har a kicin ana ji, na tsaya kusa da shi na ji da kunnena. A raina na ce, to ai shi ke nan, buƙata ta biya.

Ashe ni kaɗai na ga haka. Yana taka bakin ƙofar gida, waya ta fara shuuu, ta ɗauke. Mai Aski yana tsallaken layi yana wasa aska.

"Na-Sani, ya kasuwar? An iso?"

"Tana hutawa ne. Sabuwa ce, ba a matsa mata."

Ya ce zai cire tsohuwar wayar falo don tana shan rabon sabuwar. Iya ta ɗora hannu a kanta ta ce sai dai ya fara cire ta. Sai ya koma kan uwar wayar. Ya ce tsawo take so, kamar zakara. Babu inda ya fi saman kabad ɗin kicin tsawo, ga ɗan taga can sama mai kallon layi. Ya aro tsani. Ya ja igiyar layi tun daga falo, ta bi baranda ta shiga kicin, daidai idon sawu. Iya ta fito da tiren kofuna, ƙafarta ta harɗe, tire ya yi gaba, kofuna suka bi shi da gudu.

"Ɗan nan, ka faɗa mini gaskiya. Gado kake so ka ci da wuri?"

"Kin ga laifinki, Iya, ba ki ɗaga ƙafa. Likitoci ma sun ce a riƙa ɗaga ƙafa."

Bai tsaya nan ba. Ya kwance wayar shanya da wankina a kai, ya ɗaura bakinta a eriyar uwar, ya fitar da ita ta taga. Ya ɗauki murfin babbar tukunyata ya huda shi da ƙusa ya rataye a ƙarshen, wai faifan kama magana. Iska tana kaɗawa, murfi yana bugun bango, ƙwal, ƙwal. Makwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta tambaya ko tsuntsaye muke kora.

Ya fita gwaji. A ƙofar gida shiru. A tsakiyar layi shiru. Amma yana isa bencin Mai Aski, wanda ke jikin shagon Tela, sai waya ta kawo, tas, kamar ruwan randa. Ya dawo yana tafiya kamar wanda aka naɗa.

"Kusa ne ba ta so," ya ce mana. "Wayar nesa ce. Manyan abubuwa haka suke."

Tun daga ranar waya ta bar gida. Da safe ya ɗauke ta, da yamma ya dawo da ita ta sha wuta. Inna ta kira sau ɗaya a tsakani, na durƙusa a falo kamar kullum na ce eh, na ce to. Shi kuwa kullum sai ya dawo da labarin yadda aka yi ta kiransa a bencin Mai Aski. Abin ya ɗaure mini kai, don a gida tsohuwar wayar ko tari ba ta yi ba. Na buɗe baki zan faɗa, ya dube ni, na ce ko a ƙaro miya.

Wata rana ina dawowa daga cefane na gan shi da idona. Yana zaune a benci, mutane kewaye da shi, waya a hannu, babban yatsa a kan madanni kamar maharbi. Tana fara ƙara ya danna. Ta nan inda nake ina jiyo muryar wata mata tana zazzaga faɗa.

"Wai sai yaushe? Kullum gobe, kullum gobe! Ka ba ni kayana ko an gama ko ba a gama ba!"

Na ga idonsa ya yi wuƙi-wuƙi. Bai san ta ba, na tabbata. Amma ga Mai Aski, ga Mai Shago, duk sun kasa kunne. Sai ya gyara zama ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Na sani, uwar ɗakina, na sani. Kwantar da hankalinki. An gama tun tuni. Ki zo ran Asabar da yamma ki karɓa."

Ya kashe, ya girgiza kai. "Harkoki," ya ce. "Mutum ba ya hutawa."

"Fentin ne har da 'an gama'?" in ji Mai Aski.

"Ai haɗa shi ake yi. Kai aski ka sani."

Da alama Asabar ta yi masa daɗin faɗa, don duk wanda ya kira ita yake ba shi.

Asabar ɗin kuma ita ya zaɓa don babban gwaji. Ya aika wa Inna saƙo ta kira da yamma. Ya ce zai amsa a bencin Mai Aski a gaban kowa, ya kunna lasifikar wayar, sannan ya miƙo mini in yi hira da uwata, unguwa ta shaida an warke.

Ni da ido huɗu suka gagara, yau ga na layi guda.

"Maigida, da dai a gida…"

"Na sani, kina murna. Ki sa kayanki masu kyau."

Ranar ya aro kujeru. Ya sa an share gaban shago. Iya ta ce ita ba ta zuwa kallon abin da ta haifa yana tallan kansa, ta yi zamanta a falo. Ni aka zaunar da ni a kujerar gaba, na sunkuyar da kai ina roƙon ƙasa ta tsage. Maigida ya hau kan benci ya zuge eriya, ya fara bayani tun daga yadda magana take tashi sama ta huta a kan gajimare.

Yana cikin haka wata mata mai jiki ta iso da jaka a hammata, ta wuce mu ta shiga shagon Tela. Sai wani dattijo. Sai 'yan mata biyu. Sai wani mai babur, ko kashe shi bai yi ba. Maigida ya nuna su da hannu.

"Kun gani? Har daga wasu unguwanni."

Sai hayaniya ta tashi a shagon. Tela ya fito da baya da baya, tef a wuya, almakashi a hannu, mutane suna binsa. Shi Tela kowa ya san shi: hannunsa zinariya, alƙawarinsa ruwan kwando.

"Wallahi ban ce wa kowa Asabar ba! Ni da ko yanka yadinki ban yi ba, zan ce an gama?"

"Da kunnena na ji! Har uwar ɗakina ka ce mini!"

"Ni? Ni rabona da amsa waya an kwana biyu. Ƙara ɗaya take yi ta yi shiru. Har na ce Allah ne ya dube ni ya shiryi masu kaya."

"To aljani ne ya amsa?"

Daidai nan wayar maigida ta ɗauki ƙara. A cikin shagon Tela ma wata ta amsa mata, murya iri ɗaya, kamar tagwaye. Maigida bai lura ba. Ya ɗaga hannu.

"Jama'a, shiru! Ga surukata!" Ya danna, ya kunna lasifika, ya rusuna har eriya ta taɓa rumfar Mai Aski. "Inna, barka da yamma. Ga 'yarki nan, ga jama'a duk suna gaishe ki."

Wata ƙatuwar muryar namiji ta fito. "Wace Inna? Kai Tela, rainin hankalin ya kai nan? Ina wandona?"

Maigida ya dubi waya, ya dubi mutane.

"Na sani," ya fara, "wato…"

"Ita ce!" Matar mai jaka ta nuna shi da yatsa. "Muryar nan ce! Na sani, na sani! Kai ne ka sa na hau mota biyu!"

Tela ya shiga shago ya fito riƙe da wata baƙar waya girman bulo. Ya ɗaga ta kusa da ta maigida. Ba abin da ya raba su sai lanƙwasar eriya.

Mai Aski ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Mai Shago yana dariya yana tari. Wani ya ce, "Ashe ba kasuwa take kaiwa ba, makwabta take shiga!"

"Ku tsaya ku ji," in ji maigida daga kan benci. "Wannan ai shi ne ƙarfin nata. Waya ɗaya, layi biyu. Wa yake da irinta?"

"Ni," in ji Tela.

"Taka ai karɓa kawai take yi. Tawa farauta take fita."

"To ta farauto. Ga namanka nan, sai ka feɗe."

Mai babur ya matso. Matar mai jaka ta matso. Maigida ya ja da baya, ya manta a kan benci yake. Eriya ta maƙale a rumfar Mai Aski, rumfa ta biyo shi, ruwan da ya kwanta a kanta ya sauko musu gaba ɗaya. Ya tashi jiƙe sharkaf, waya a hannu, har yanzu mai wando yana ciki yana tambaya ko ana jinsa.

Dattijon nan da ya zo karɓar ɗinki ne ya raba gardama. Ya ce wanda ya yi alƙawari shi ke cikawa, wanda ya karɓi ɗinki shi ke ɗinkawa, don haka su biyun su shiga ciki, ba mai fita sai kowa ya riƙe kayansa. Tela ya hau keke. Maigidana aka ba shi dutsen guga da gwangwanin maɓallai. Masu kaya suka zauna a kujerun da ya aro suna kallonsa ta ƙofa.

"A hankali da wuyan rigar nan, Injiniya."

"Na…" Ya haɗiye sauran. Ban taɓa ganin ya haɗiye ta ba sai ranar.

Na sulale na koma gida. Iya tana kujerarta.

"Uwarki ta kira," ta ce. "Na ce kina bakin titi kina jiran ta. Ta ce titi kuma? Lafiya? Na ce ni ma ban sani ba. Sai ta ajiye."

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Dariyar da na ƙunso daga layi ta gudu.

Maigida ya dawo da yatsa naɗe da tsumma, yana warin guga. Ya hau tsani ya dangwara wayar a kan uwarta, ya sauko ya mayar wa masu tsani abinsu.

"Jabu ce," ya ce. "Tun a kanti na gane, na dai so in tabbatar. Ta mutu. Kada wanda ya ƙara ambatarta a gidan nan."

"Allah ya ji ƙanta," in ji Iya.

Da safe na taka kujera na kwance wayar shanya, don wanki ya taru. Bayan azahar ina kicin ina yanka albasa, maigida da Iya suna falo, sai na ga wata 'yar jar fitila tana ƙiftawa a saman kabad. Ban san lokacin da na haye kujera ba. Na fizgo ta na danna, wayar falo ta yi rabin ƙara ta yi shiru. Na tura ƙofar kicin da ƙafa.

"Salamu alaikum," in ji muryar Inna, a ɗarare. "Auta tana nan?"

"Inna, ni ce."

"Lafiya kike? Me ya kai ki titi?"

Na zauna a ƙasa na jingina da buhu, eriya tana zungurar kwanuka. Na dubi ƙofa, ba kowa. Sai bakina ya buɗe. Na fara tun daga kanti. Na ba ta labarin fanka, da kofunan Iya, da matar mai jaka. Na kwaikwayi mai wando. Inna ta yi dariya har na ji tana kiran sunan Allah tana neman ruwa. Na gaya mata yadda nake ƙona shinkafa har yanzu, da yadda Iya take ɓoye mini 'ya'yan itace a ƙarƙashin kwano don kada ɗanta ya cinye, da yadda nake kewarta in na ji ana daka a makwabta.

Can ta daina dariya. "Ja'ira," ta ce. "Ashe kina da baki. Ni har na fara haɗa kaya in zo in ga abin da aka yi miki."

"Ba abin da aka yi mini, Inna. Ido ne ya yi yawa a falo."

"To gobe war haka?"

"War haka."

Albasa ta bushe a faranti kafin mu gama. Na hau kujera na mayar da ita mazauninta, na jawo tsohuwar roba na kare ta. Da na fito da tire, na tarar maigida yana yi wa Iya bayanin rabin ƙarar nan: wai iska ce take taruwa a cikin layi, takan fita da kanta, kuma za ta riƙa yin haka lokaci-lokaci, kada kowa ya damu.

"Ke kin ji wani abu a kicin?" Iya ta tambaye ni.

Na dubi yatsansa mai tsumma. Na tuna har yanzu akwai tsani a makwabta, akwai kuma sauran murafai a kicin. In ya ji tana da rai, gobe sai saman rufi.

"Albasa nake yankawa, Iya," na ce.

Na ajiye tire na koma. Wannan kam daga ni sai Inna, kuma haka zan bar shi.